Saniyar da Ke Cikin Lamba Huɗu

Sadiq, ɗan ƙanwata, ya gama karatu bai samu aiki ba, ni kuma idanuna sun fara yi min gardama, sai na ce ya zo ya kama min shago. Bai yi sati biyu ba na ji shi a bakin ƙofa yana gaya wa abokansa wai gidan gem ba sana'a ba ce, hutu ne. Ka jona wuta, ka miƙa wa yaro abin wasa, ka koma gefe kana latsa waya. Suka yi ta dariya. Da ya hango ni sai ya sauya magana, ya nuna lungun shago inda wata tsohuwar kwamfuta take lulluɓe da zani.

"Kawu, lamba huɗun nan fa ta tare wuri a banza. Ba a kunna ta, ba ta kawo kowa. A fitar da ita a sa sabuwa mana."

Na ce ba za a fitar ba. Ya ce saboda me. Na ce ya je ya goge fanka.

Ban iya doguwar magana a tsaye ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, domin shi da ire-irensa. Sunana Modu, amma duk unguwar Dogo Nini, Mai Gem ake ce min. Tun zamanin kaset nake wannan aiki, kuma ban ga ranar hutun da suke faɗa ba.

Aikin farko da aka taɓa ajiye min a gaba wata rediyo ce mai batir huɗu, a shagon Malam Dauda, wani Bakarkare mai gyaran rediyo a unguwar Hausari, wanda mahaifina ya kai ni wurinsa. Na ɗauki sukudireba zan kwance, sai na ji bugu a bayan hannu. "Shinshina tukuna," in ji shi. Na shinshina, na ji ƙauri. Ya ce to yanzu ka san ƙonewa ta yi, saura ka san ina. Tsarinsa ke nan: hanci, sai kunne, sai ido, hannu shi ne na ƙarshe. Na daɗe a wurinsa ba ya barina in taɓa ƙarfen narka dalma, sai shara da goge-goge. A lokacin haushinsa nake ji ƙwarai. Wata rana wani direban babbar mota ya kawo na'urar gem ta kaset da ya sayo wa 'ya'yansa, sun jona ta ta ƙone. Malam Dauda ya juya ta sama da ƙasa, ya ce shi ba ya gyara kayan shirme, ya tura min. Kwana uku na yi a kanta. Ranar da hoto ya fito a talabijin, kafin in ɗaga kai tagar shagon ta cika da kawunan yara, har haske ba ya shigowa. Malam Dauda ya dube su, ya dube ni, ya ce in kwashe shirmena in nemi wani wuri. Da haka aka yaye ni.

Akwai wani fad da aka taɓa dawo min da shi da kunun gyaɗa a ciki. Fad shi ne abin da mai wasa ke riƙewa da hannu biyu yana dannawa, kuma shi ne rabin wahalar sana'ar nan. Sai da na kwance shi gaba ɗaya, na wanke kowane maɓalli da sifirit da auduga, na bi da tsohon burushin haƙori, na shanya a inuwa. Kayan aikina ba su da yawa: ƙananan sukudireba uku, ƙarfen dalma, burushi, almakashi, da tsohuwar tayar keke da nake yankar roba a jikinta. Sauran aikin ido ne. Dole ka san yaron da zai yi jifa da fad in an ci shi, ka tsaya kusa da shi kafin a ci shin. Ka san wanda ya ɓoye rigar makaranta a leda, ka kore shi tun ubansa bai zo da dorina ya haɗa da kai ba. Ka san ƙarar janareta in zai mutu, ka ce kowa ya ajiye wasansa kafin ya mutun. Ni Sadiq ya nuna min wanne ne hutu a ciki.

A shekarar da gari ya rikice, da hannuna na naɗe na'urorina a buhu na tura ƙarƙashin gado. An hana taruwa, an hana yawo da yamma, kuma babu uban da zai bar ɗansa ya zauna a ɗaki ɗaya da yara ashirin. Ban ga laifinsu ba. Na koma cajin waya a bakin titi da 'yar janareta. Da aka samu sauƙi na kwance buhunan, na tarar ɓeraye sun cinye wayoyi, biyu daga cikin na'urorin kuma sun yi tsatsa har ciki. Abokan sana'ata da yawa daga nan suka watse, wani ya koma tuƙa Keke, wani ya bar garin. Ni na zauna na bi waya ɗaya-ɗaya na ɗinke. Ban daina cajin waya ba har yau, kuma ta dalilin cajin ne mutumin da zan ba da labarinsa ya shigo shagona.

Amma bari in fara da wasan. Wani abokina mai zuba wasanni a Kano ne ya haɗo min da shi a cikin wata kwamfuta 'yar gwanjo, wadda na sa wa lamba huɗu. Sabon wasa ne, amma da gangan masu shi suka yi shi kamar na zamanin kaset. Mutanen ciki 'yan dunƙule-dunƙule ne, kamar ɗinkin hular zanna in ka matso da ita kusa da ido. Ba sa magana da murya, sai rubutu. Labarin kuma mai sauƙi ne: wani sarkin aljanu ya ɗaure ruwan sama a bayan duwatsu, kai kuma saurayi ne da sanda, za ka taka tun daga ƙauyenku har can ka kwance shi.

Yaran shagona Hawainiya suka sa masa, kuma ba su yi ƙarya ba. Ba zan ɓoye aibinsa ba don ina son sa. Tafiya ce zalla, sai ka yi minti goma ba ka gamu da kowa ba. In faɗa ya zo, ba irin wanda suka saba ba ne, kai ka kai duka, ka tsaya a dake ka, sannan a sake ba ka dama. Turancinsa ya yi yawa, kuma ƙanana ne haruffan. Mutanen garuruwan ciki magana ɗaya kowa ya sani, ko sau ɗari ka je ita zai maimaita maka. Mafi muni, ba ka da ikon ajiye wasa, abin da yara ke cewa sebin, sai a bakin rijiya, rijiyoyin kuma suna da nisa da juna. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan zalunci ne. Wanda ya tsara haka bai taɓa zama a Potiskum ba.

Wata Laraba da damina, bayan la'asar, wani mutum dogo ya shigo da 'yar ƙaramar waya a hannu. Buba ke nan, Bafillace, ya haura hamsin, aikinsa kama shanu da loda su a tirela a kasuwar shanu. Na sha ganinsa yana kawo caji. Ruwa ya tsare shi, ya zauna a benci. Wani ɗalibi ya gaji da Hawainiya ya tashi ya bar shi a kunne, saurayin ciki na tsaye a daji, a bayansa wata farar dabba mai dogayen ƙahoni da ke ɗaukar masa kaya. Buba ya daɗe yana kallo.

"Mai Gem, saniyar nan ƙishirwa take ji."

Ni Babarbare ne, tsakanina da Bafillace kuwa ba a gaisawa sai an taɓa juna. Na ce, "Zane ne fa, Buba. Ku ko a jikin gwangwanin madara kuka ga saniya sai kun tambayi lafiyarta."

"Dubi kunnenta. Dubi yadda ta sauke wuya. Kai ban da bandar kifi me ka sani?"

Don in kunyata shi na ɗauki fad na ja ta zuwa wani tafki. Ta sa baki ta sha. Kunnuwa suka miƙe, wuya ya tashi, tafiyarta ma ta sauya. Wata shida wasan nan yana shagona, ni da nake taƙama da ido ban taɓa lura ba. Kunya ta kama ni, na miƙa masa fad ɗin na ce to gwani, ja ta mu gani.

Fad biyu ya kashe min a Laraba biyu. Babban yatsansa ya saba da igiya da ƙaho, in ya danna sai robar ciki ta yage. Na yanko roba daga tayar keke, na ninka biyu, na haɗa masa nasa na musamman, wanda yaro ko da hannu biyu ba zai iya dannawa ba. Na buɗe masa sabon wasa daga farko. Tunda ba ya karanta boko, na zama tafintansa, ina zaune a gefensa ina karantawa ina juyawa. Wannan ma aiki ne da ba a lissafa shi. A ƙauyen farko wata tsohuwa ce ke ba ka saniyar. Na karanta masa abin da ta ce: ka tafi da ita ta ɗaukar maka kaya, ka dawo min da ita. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya gyaɗa kai, ya ja igiya.

A gari na biyu akwai maƙeri. Yana ganinka zai ce ka ba shi saniyar, ya ba ka takobi da wasu takalma masu sa gudu. Duk yaron da ya taɓa kaiwa nan ba ya ko gama karantawa yake cewa e, domin muddin tana tare da kai, da takunta za ka yi tafiya. Na fassara wa Buba, na ƙara da shawarata, na ce ya karɓa.

"Ce masa ba tawa ba ce."

"Babu wurin faɗin haka. E ne ko a'a."

"To a'a."

Na ce da sanda zai yaƙi aljanu? Sai da muka fita daga garin ya ba ni amsa. A wurinsu, in ji shi, mutum yakan ba amininsa aron karsana. Ka riƙe ta, ta haihu a hannunka, 'ya'yan naka ne, uwar kuma ka mayar wa mai ita. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ko yunwa za ta kashe ka. A shekarar da ni na tura kayana ƙarƙashin gado, shi garkensa aka kora gaba ɗaya, kuma a ciki akwai irin wannan saniya ta aro. Mai ita bai taɓa yi masa maganarta ba, har ya rasu.

"Nawa na haƙura da su," in ji shi. "Mu ci gaba."

Daga nan ne na ga abin da ke cikin wasan nan, wanda masu gaggawa ba za su taɓa gani ba. Saniyar takan toge ta ƙi gaba in akwai mugun abu a kusa, Buba kuwa ba ya musu da ita, sai ya kewaye. A cikin kogo ƙahoninta haske suke yi, waɗanda suka ba maƙeri ita a duhu suke ta karo da bango. Ciyawa tana kwantawa ta inda wani abu ya bi. Kiɗan yana sauyawa kaɗan kafin hadari. Babu inda aka rubuta maka ko ɗaya daga cikin waɗannan, an dai ajiye su ga mai ido. Wasan ba ya yi maka ihu, ba ya roƙonka, ba ya neman data, kuma bai taɓa yaudarar Buba ba ko sau ɗaya a hanyar zuwa. Yara na bayansa suna cewa Baba ka yi gudu mana, shi kuwa in rana ta take a cikin wasan, sai ya kai ta inuwa su tsaya. Sa'a ɗaya yake yi duk Laraba, wani lokacin rubu'inta a gindin bishiya yake ƙarewa. Na sha jin kamar in fizge fad ɗin, ba zan ce ban ji ba.

Wata bakwai ya yi kafin ya isa ƙofar ƙarshe. Babu wanda ya taɓa kaiwa nan a shagona, don haka ranar har masu buga ƙwallo suka ajiye nasu suka taru a bayansa. Babbansu wani Aminu ne da suke kira Kyaftin, shi ke shirya musu gasa, kuma in ya ce a tafi wani shago, tafiya ake yi. Kowa na jiran ya ga bos, wato sarkin aljanun. Mai gadin ƙofa ya yi magana, na karanta: dabba ba ta wuce nan, ka ɗaure ta a turke ka shiga.

"A hannun wa zan bar ta?"

"Ba kowa. Turke ne kawai."

"In na shiga zan fito ta nan?"

Na ce ban sani ba, kuma gaskiya ban sani ba. Sai kawai muka ga ya juya saurayin, ya ja igiya, ya kama hanyar da ya fito.

Shago ya kaure. Kyaftin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba Baba, wata bakwai fa. Ka shiga ka gama, ai ba saniyar gaske ba ce." Buba bai ko waiga ba, ya ce zai kai ta gida tukuna, in ya so ya dawo. A wasan nan babu tsalle daga gari zuwa gari, duk inda ka taka da zuwa sai ka taka shi da komowa. Wannan ma aibi ne, kuma babba.

Ana haka lamba huɗu ta kwanta ciwo. Bazara ta shigo, zafin da kowa ya sani. Da hanci na fara jin ta, wani ɗan ƙauri-ƙauri, sannan kunne ya ji tana ƙyas-ƙyas daga ciki. In ta yi minti arba'in sai ta ɗauke. Na kwashe wasan a filas na kai wata kwamfutar, ya buɗe, amma daga farko, kamar Buba bai taɓa taka ko'ina ba. Na gwada sau uku, na kira abokina na Kano, ya ce shi ma bai san inda wasan ke ɓoye ajiyarsa ba. Ke nan ko dai wannan tsohuwar ta kai su gida, ko kuwa shi ke nan.

Na cire mata murfin gefe. Na kwance fankarta na wanke na ɗiga man keken ɗinki. Na ciro wasu 'yan kayan ciki daga matacciyar rediyo na sauya waɗanda suka kumbura. Na ɗora ta a kan bulo biyu kusa da randa, na rataya jiƙaƙƙen buhu a bayanta, na juyo mata da fankar tsaye. Na hana kowa taɓa ta, ba ta tashi sai Laraba. Batirin babbar mota guda ɗaya da nake da shi, wanda ke riƙe talabijin in wuta ta tafi kafin a tada janareta, na ja shi kusa da ita. Duk da haka sau biyu tana ɗaukewa tsakanin rijiya da rijiya, tafiyar sa'a guda ta tafi a banza. Buba sai dai ya ce Allah ya kaimu Laraba.

Wasan ƙarshe na gasar Kyaftin ya faɗo ranar Laraba, bayan Sallah da kwana uku. Shago ya cika har waje. Buba na lungunsa, ya yi nisa a wata fadama, rijiya ta gaba da saura. Sai aka ɗauke wuta. Na ja janareta, ta yi tari ta yi shiru. Na sake ja, igiyar ta tsinke a hannuna. Talabijin ɗin gasa ya mutu, lamba huɗu kaɗai ke numfashi a kan batir, batirin kuwa ba zai ɗauki biyu ba.

"Mai Gem, cire na tsohon nan ka jona mana," in ji Kyaftin.

"Sai ya kai rijiya."

"Minti nawa?"

"Ashirin, ko fi."

"Mutum talatin za su jira saniyar katun?"

"Za su jira, ko su tafi."

Ya dube ni kamar bai san ni ba, alhali a shagon nan ya koyi riƙe fad. Ya ce akwai sabon wuri a Hausari mai sanyi da kujerun katifa. Na ce na san hanyar, ko in raka su ne. Suka fice, suka bar ni da benci. Buba ya ce da na ba su, ai da ya sake takawa. Na ce ya kula da gabansa, akwai kada a fadamar nan. Rabin yaran ba su dawo ba har yau. Raina ya ɓaci ranar, amma ban yi nadama ba, kuma ko gobe aka sake haka zan yi. Wanda ya riga zama, kuma yake tsakiyar tafiya, ba a cire masa wuta don masu yawa sun yi hayaniya. Duk mai gidan gem da bai san wannan ba, mai jona waya ne kawai.

Laraba tara komowar ta ci. Ranar da ƙauyen farko ya bayyana, mutum biyar ne a shago, cikinsu har da biyu daga yaran Kyaftin da suka saci jiki suka zo kallo. Tsohuwar na nan tsaye a ƙofar bukkarta inda aka bar ta. Buba ya gyara zama, ya goge hannunsa a riga, ya matsa kusa da ita ya danna. Rubutu ya fito. Na karanta a zuci. Yaran ma sun karanta.

"Me ta ce?"

Da na ce masa ta yi godiya ta sa albarka, babu mai tona ni a ɗakin nan. Amma wata tara ina karanta masa, ban taɓa ƙara ko kalma ɗaya ba.

"Abin da ta ce ranar farko. Ka tafi da ita ta ɗaukar maka kaya, ka dawo min da ita."

"Sake dannawa."

Na miƙa hannu na sake danna masa. Maganar dai ita ce. Babu e, babu a'a, babu wurin miƙa igiya. Masu wasan sun tuna da kunnen saniya, sun tuna da kwanciyar ciyawa, amma bai taɓa zo musu a rai ba cewa wani zai dawo da ita da gaske. A duk aibobinsa wannan ne ban yafe musu ba.

Buba ya daɗe yana kallon tsohuwar. Sannan ya ce, "Tsufa ne. Ba ta gane ni ba."

A bayan bukkar akwai ɗan shinge. Ya ja saniyar ya shigar da ita, ya danna maɓallin sakin igiya, ya fito. Ta tsaya a ciki tana kaɗa wutsiya. Ya taka shi kaɗai zuwa rijiyar ƙauyen, karo na farko da na ga saurayin nan ba kowa a bayansa, ya ajiye wasa. Ya ɗora fad a benci.

"Kashe, Babarbare."

Ɗaya daga yaran ya ce, "Baba, bos ɗin fa?"

"Wani ya je."

Bai sake zama a gaban lamba huɗu ba.

Bayan kwana biyu, da safe kafin kowa ya zo, karambani ya sa na kunna ta, don in ga ko lafiya. Wasan ya buɗe a bakin rijiya. Ga saurayin a tsaye, ga saniyar a bayansa, igiya a hannunsa, kaya a gadon bayanta. Shingen babu kowa. Wasan bai san an mayar da ita ba, duk sanda aka kunna zai sake damƙa masa ita. Na kashe, na zare wayar wutar, na kai gida na jefa a ƙasan akwati, na zo na lulluɓe ta da zanin da kuke gani.

Duk Laraba in an tashi daga kasuwa Buba yakan biyo da wayarsa. Ya miƙo min, ya leƙa lungun, ya ce, "Tana nan?" In ce tana nan. Ya ce madalla, ya zage ni da bandar kifi, ya zauna jiran caji.

Don haka Sadiq, ka sauya talabijin, ka sauya benci, ka yi fenti, ka sa kujerun katifar in kana so. Lamba huɗu ba za ta fita ba, kuma ba za a kunna ta ba. Buba ba ya karanta boko. Ku da kuke karantawa, duk wanda ya je ya gaya masa abin da na gani da safen nan, kada ya sake tako min shago.